Gyaran filin golf a bakin teku da abin da ya kamata Jos ta lura da shi

Duk wanda ya taɓa shiga filin golf na Rayfield da sassafe a watan Disamba, lokacin da hunturu ke kaɗawa, ya san cewa iska ma tana da bakin magana a wannan wasa, domin ƙwallon da aka buga daidai kan karkace ya faɗa inda mai shi bai nufa ba. Shi ya sa nake ganin mu mutanen Jos, duk da nisanmu da teku, muna da abin koyo daga yadda ake gyaran filayen gaɓar teku, inda iska da yashi ne ke tsara komai.

Wasan ya girma ne a Sikotilan, a kan tuddan yashin da ke tsakanin teku da gonaki, ƙasar da ba ta noma amma ba ta riƙe ruwa, shi ya sa ƙwallo ke gudu a kanta. Gyara kuwa tsohon abu ne a can, tunda a 1764 aka rage ramukan St Andrews daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ke bi har yau.

Gyaran da ya fi burge ni shi ne na Royal Portrush a Ailan ta Arewa. Kafin gasar Open ta 2019, babbar gasar golf ta Birtaniya, wadda ta koma filin karon farko tun 1951, an soke tsofaffin ramuka na 17 da 18, aka ba mai tsara filayen golf Martin Ebert aikin gina sababbi biyu a cikin tuddan yashi. Bai baje tuddan ba, ya bi kwarin da iska ta riga ta sassaƙa, kuma ya kiyaye salon Harry Colt wanda ya sake tsara filin a wajajen 1930, har baƙo ba zai iya nuna inda tsohon aiki ya ƙare sabo ya fara ba. A filin Montrose na Sikotilan kuwa teku ce ke ba da umarni: igiyar ruwa na cin gaɓa shekara bayan shekara, dole ake ja da wasu wuraren bugun farko baya. A gaɓar teku mai zafi irin ta Legas, gishiri ne babban abokin gaba, kuma maganinsa ciyawa mai jure ruwan gishiri.

Abin da nake tsoro shi ne mu ɗauki gyara a matsayin ƙawa. Idan maganar sabunta fili ta taso, a Jos ko a Abuja inda filin IBB yake tun 1991, hoton da ke zuwa wa mutane shi ne koriyar ciyawa shar irin ta talabijin, rani da damina. Wannan ciyawa ruwa take sha, a garin da unguwanni da dama ke dogaro da 'yan garuwa in rani ya tsananta. Filayen bakin teku na Birtaniya kan bushe su yi ja a bazararsu, kuma masu su ba sa jin kunyar haka.

Kuɗin gyara ya fi dacewa da magudanan da za su kwashe ruwan Agusta kafin ya zaizaye ƙasa, da ƙarin wuraren bugun farko na kusa domin dattawa da mata da masu koyo, da cike ramukan yashin da ba sa kama gwani sai ɗan koyo. Yaran da ke ɗaukar jakar sanduna su ne suka san inda ruwa ke kwanciya da inda iska ke juya ƙwallo, amma da wuya a tambaye su. Rayfield, wanda aka kafa a 1913 zamanin haƙar kuza, yana da duwatsu da gangare da iskar tsauni, kuma duk mai tsarin da aka ɗauko ya kamata ya zagaya shi da ƙafa a damina da hunturu kafin ya zana layi ɗaya.