Tumbi Ba Shaidar Arziki Ba Ne: Nasiha Ga Matasan Bauchi

'Yan'uwana matasa, maza da mata, akwai wata magana da muke yi wa juna da sunan yabo, alhali jaje ya fi dacewa da ita. Saurayi ya samu aiki ko kasuwa ta buɗe masa, kafin shekara biyu wuya ya yi kauri, tumbi ya turo gaban riga, sai abokai su ce Alhaji ya fara jin daɗi. Amarya ta yi wata shida a ɗakinta, dangi su zo su tarar ta cika ta batse, su koma gida suna sa wa ango albarka wai ya iya kiwo. Har yanzu a wurinmu rama ce abin kunya, ƙiba kuwa ado ce, shi ya sa ake samun 'yan mata masu haɗiyar ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi dexamethasone ne ko cyproheptadine, magungunan da aka yi don wasu cututtuka dabam. Na farkon, idan aka daɗe ana shan sa, yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki, ya tayar da hawan jini da ciwon sukari, ya kuma raunana ƙashi.

Ba da ido ake gane ƙibar da ta zama cuta ba, domin babbar riga da hijabi suna rufa asiri. Likitoci suna raba nauyin mutum na kilo da tsayinsa na mita da aka ninka da kansa. Idan sakamakon ya kai 25 nauyi ya wuce kima, idan ya kai 30 an shiga ƙiba mai haɗari. Mai tsayin mita 1.70, misali, ya fara wuce gona da iri idan ya haura kilo 72, idan ya kai 87 kuma magana ta girma. Akwai awon da ya fi wannan sauƙi, kuma kowane tela a kasuwar Wunti yana da abin yin sa rataye a wuya. A zagaya ciki da tef ta saitin saman cibiya kaɗan, ba can ƙasan tumbi inda ake ɗaure wando ba, sannan a duba ko abin da aka samu ya kai rabin tsayin mutum. Mai tsayin santimita 170 bai kamata cikinsa ya kai 85 ba, wato kimanin inci 33 da rabi. Wannan awon yana da muhimmanci ne saboda kitsen da ke taruwa a cikin ciki, yana lulluɓe hanji da hanta, ya fi na cinya da damtse illa nesa ba kusa ba. Shi ne yake hana jiki jin aikin insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini, har sukari ya riƙa taruwa a jini, kuma daga nan ƙofa ta buɗe wa hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ga ciwon gwiwa da na baya, ga minsharin da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa, ga rikicewar al'ada da jinkirin haihuwa ga wasu mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba, kuma yawan manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu daga 1990.

To, me ya sauya? Kakanninmu sun ci tuwon dawa da na gero, sun sha fura, amma hatsinsu ba a cire masa dusa ƙarƙaf ba, man da ke miyarsu ɗan kaɗan ne, kuma kafin tuwon dare ya sauka an je gona a ƙasa, an yi daka, an ja ruwa a rijiya. Mu kuwa mun riƙe girman malmalarsu, mun ƙara mata mai da sukari, sannan muka ajiye wahalarsu. Ku tsaya wurin mai shayi da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na dare ku ga abin da ake haɗa wa saurayi guda. Za a cika babban kofi, a tsiyaya madarar gwangwani, a zuba sukari cokali uku ko huɗu, a yanko rabin burodi a shafe shi da bota, sannan a dafa Indomie biyu a ɗora mata ƙwai da aka soya yana iyo a mai. Mai wannan cin ya wuni a zaune a shago ko a ofis, zai kuma hau mashin ya koma gida ya kwanta. Jikin da aka ba abin da bai nema ba ba ya zubar da shi, ajiye shi yake yi, kuma kitse ne rumbunsa.

Na san taɓa masa a garin Bauchi neman faɗa ne, domin ita ce abin alfaharinmu, kuma baƙo ba ya barin gari bai yi tsarabarta ba. Amma ku lura da hannun mai tuya, yadda take ɗiga mai a kowane gurbin tanda kafin ta zuba ƙullu, ta sake ɗigawa idan ta juya. Ƙullun nan farar shinkafa ce da sukari, sannan a kawo a barbaɗa ƙuli a kwarara wani man a kai. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), na hatsi ko na nama marar kitse bai wuce 4 ba, kuma babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, abin da sai mutum ya yi kusan rabin awa yana tafiya da sauri kafin ya ƙone shi. Ban ce a daina cin masa ba. Na ce wanda ya saba cin goma kullum ya koma huɗu da miyar taushe mai yawan ganye, kuma ba kowace safiya ba.

Abin sha ya fi abinci yaudara, saboda ba ya ƙosarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin da jiki ke buƙata, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 a yini, kuma rabin haka ya fi. Robar lemo ɗaya ta santilita 50 tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya. Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa zoɓo da kunun aya da fura da nono na gida ne, don haka ba su da laifi, domin wanda ya taɓa tsayawa inda ake haɗa na sayarwa ya ga yadda ake juye sukari da gwangwani. Wanda ya mayar da ruwa abin shansa na yau da kullum ya riga ya ci rabin yaƙin tun kafin ya taɓa tuwonsa.

Gyaran kwano ba ya buƙatar abincin Turawa ko kuɗi masu yawa. A sa rabin kwanon ya zama ganye da kayan lambu, kwata ya zama tuwo ko shinkafa, ragowar kwatan kuma wake, kifi, ƙwai ko nama marar kitse. Duk abin da ake nema yana kasuwar Muda Lawal: zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kabeji, gurji, yalo, kuɓewa, gwanda, gwaba da kankana, kowanne da lokacinsa. Kwaɗon zogale ko na tafasa, faten wake, alale, dambu, da accar da ake kawowa daga yankin Tafawa Balewa da Bogoro, duk abinci ne masu riƙe ciki, muddin ba a nutsar da su a mai ba. Giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa ake so mutum ya ci a yini, gishiri kuwa kada ya kai giram 5, ƙaramin cokali guda ke nan, kuma a tuna cewa dunƙulen da uwargida ke marmasawa a miya yawancinsa gishiri ne. Addininmu ya riga kowa faɗar wannan. A aya ta 31 ta Suratul A'araf an ce mu ci mu sha amma kada mu yi ɓarna, kuma Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdam ɗan Ma'adikarib cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba, idan kuma ya zama dole to a raba shi uku: abinci, abin sha da numfashi. Abin mamaki, mu ne muke karanta wannan hadisin, mu ne kuma muke fitowa daga watan azumi mun fi yadda muka shiga nauyi, saboda ƙosai da soyayyen dankali da kunu mai sukari da ake jerawa daga magariba har sahur.

Kada kuma a ce za a yi maganin abin da horon yunwa. Mai ƙin cin abinci kwana da kwanaki tsoka yake zubarwa tare da kitse, kuma da zarar ya gaji nauyin zai dawo har da riba. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne saukar da jiki ke iya riƙewa. Ba sai an koma kamar sanda ba kafin a ga amfani, domin wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, da aka ɗora su a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Ga mai kilo 90, maganar kilo shida ake yi da ɗan ɗoriya.

Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar a mako, tafiya ce mai ɗan sauri wadda za ka iya magana a cikinta amma numfashinka ya ɗaga. Mai iya zuwa filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ya je, wanda ba zai iya ba ya fita bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, ya kuma daina tsayar da Keke Napep don tafiyar da ba ta wuce minti goma ba. 'Yan'uwa mata, tsakar gida ta isa a yi tsallen igiya ko a yi ta kai da komo, kuma babu abin kunya a ciki, tunda Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Wanda ya san yana da hawan jini, ko yake jin ƙirjinsa na ɗaurewa idan ya yi sauri, ya fara ganin likita.

Sai maganar da ta fi damuna, wato magungunan gargajiya na rage tumbi. Kun ji su a lasifikar motocin da ke tsayawa bakin kasuwa, kun gan su a TikTok da Facebook, ga hoton mace kafin ta sha, ga hotonta bayan ta sha, ana rantsuwa cewa garin zai narkar da kitse cikin kwana bakwai ba tare da an rage cin komai ba. Ba raina maganin iyaye da kakanni nake yi ba. Zoɓo marar sukari an gwada shi an ga yana ɗan sassauta hawan jini, zogale ganye ne mai gina jiki, citta da kirfa kuma suna gyara shayi har mutum ya iya haƙura da sukari. Amfaninsu ke nan, kuma a matsayin abinci suke yin sa. Amma babu wani ganye ko saiwa da aka tabbatar yana narkar da kitse alhali mai shan sa yana ci yadda ya saba. Har ma za ka ga hulba ɗaya, wannan yana sayar da ita don a yi ƙiba, na kusa da shi yana sayar da ita don a rame.

Yawancin shayin rage tumbi maganin wankin ciki ne, dangin filasko. Mutum zai kwana yana zarya bayan gida, da safe ya hau sikeli ya ga kilo biyu sun tafi, ya yi murna, alhali ruwan jikinsa ne ya zube tare da gishirin fotashiyam da zuciya ke bugawa da shi, kitsen kuwa yana nan daram. Idan aka daɗe a haka hanji yakan sangarce har ya kasa aiki sai da maganin. Wasu kuma ana ɓoye maganin bature a cikinsu, musamman sibutramine, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. A ƙasar Beljiyam, a farkon shekarun 1990, mata fiye da ɗari sun samu lalacewar ƙoda bayan shan wani haɗin ganye na rage ƙiba da aka ba su a wani asibiti, da yawansu kuma sai da suka koma wankin ƙoda ko dashe. Ko koren shayi, wanda ba shi da laifi a kofi, idan aka tace shi aka dunƙule a ƙwaya mai ƙarfi an samu waɗanda ya taɓa wa hanta.

Saboda haka duk abin da aka miƙo maka a ƙullin leda ko a gorar ruwa, ba suna, ba jerin abin da ke ciki, ba ranar lalacewa, ka mayar wa mai shi. Wanda yake da lambar NAFDAC ma a karanta shi da kyau, domin lambar da ke ƙarewa da harafin L tana nufin an duba cewa ba ya cutarwa a gwajin farko ne kawai, ba wai hukumar ta tabbatar yana yin abin da mai talla ya ce ba. Mai ciki da mai shayarwa su nisanci waɗannan haɗe-haɗe gaba ɗaya, mai shan maganin sukari ko na hawan jini kuma ya faɗa wa likitansa kafin ya haɗa da wani ganye, don kada su taru su faɗar da sukarinsa ko jininsa ƙasa lokaci guda. Wanda kuma ya gyara cinsa, yake tafiyarsa, yake barcin awa bakwai, amma nauyi na ta ƙaruwa, kada ya koma wurin mai lasifika. Raunin aikin tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, yana kawo ƙiba, haka ma wasu magungunan asibiti da ake sha na dogon lokaci, kuma gwajin jini ne kaɗai zai bambance. A je asibiti a auna wannan, a haɗa da awon sukari da na hawan jini a zuwa guda.