Hoton ciki ba na masu juna biyu ba ne kaɗai

A garuruwanmu, da an ce mace ta je sikanin, juna biyu ne ke faɗo wa kowa a rai. Uwar da ta haura hamsin, cikinta ya yi makonni yana kumburi, ta ci loma uku ta ce ta ƙoshi, ga fitsari a kai a kai, ita ba a tuna mata da wannan na'ura. Maganin olsa ake sayo mata a kemis. Alhali da waɗannan alamomin kansar ƙwan mace ta fi zuwa, cutar da ta kashe mata sama da 200,000 a duniya a shekarar 2022.

Idan an gano ta tun tana cikin ƙwan, kusan tara cikin goma na kaiwa shekara biyar a raye. Idan ta bazu a ciki, yawancinsu ba sa kaiwa.

Ba ina kira a yi wa kowace mace hoto ba ne. A Birtaniya an bibiyi mata fiye da 200,000 na tsawon shekaru, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna gwajin shekara-shekara ga masu lafiya bai rage mace-mace ba. Amfanin hoton yana ga wadda jikinta ya fara magana.

Kuma hoto suna ya tara. Ƙwan mace can ƙasan mara yake, shi ya sa hoton da ake ɗauka ta farji ya fi na saman ciki nuna shi. Idan akwai ƙullu a ƙwan, gwani zai duba ko ruwa ne zalla, ko da tsoka a cikinsa, ko jini na gudana a ciki, ko ruwa ya taru a cikin mara lafiya. Wanda bai ƙware ba zai rubuta "babu komai", iyali su koma gida da murna. Wannan takardar ita ta fi ba ni tsoro.

Hoton ma ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Ana haɗa shi da gwajin jini na CA-125, wani sinadari da kansar kan ƙara yawansa a jini, wanda tarin fuka na ciki ma kan ɗaga shi, sai hoton CT, mai nuna cikin jiki dalla-dalla, ya nuna inda ciwon ya kai, sannan binciken tsokar da aka ciro ya tabbatar.

Gwamnatocin jihohi su sa ido kan masu riƙe da na'urorin nan a shagunan unguwa, su kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su tura irin wannan uwa wurin likitan mata tun zuwanta na farko.