Gangara ba hutu ba ce

Samarinmu na unguwannin Nima da Maamobi a Akara, Ghana, da ke hawa dutsen Aburi da keke ranar Asabar sukan ce wahalar dutse a hawa take, in ka kai ƙololuwa sai ka saki feda ka huta. Daga Peduase zuwa Ayi Mensah, gangarar hanyar Aburi, maganar tana da kamar gaskiya, don 'yan mintoci ne ka sauko. A manyan duwatsu abin ba haka yake ba, kuma raina yakan ɓaci in ji ana koya wa ƙanana wannan.

Dubi mashigin dutse na Galibiye a Faransa, wanda ke mita 2,642 sama da teku. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5. Ka iso sama riga sharkaf da gumi, sannan ka tunkari gangara mai nisan kilomita da yawa, iska tana ratsa ƙirji. Yatsu sukan sandare, alhali su ne riƙe da birki. Shi ya sa mahaya tun da can suke cusa jarida cikin riga kafin su gangara.

Birkin ma yana gajiya. In ka matse shi ba sassauci, ƙarfen yakan ɗau zafi har kamunsa ya ragu. Gwanaye suna matsawa da ƙarfi kafin kwana, su saki. Ga wuya da kafaɗu sun ƙage, ga yunwa tana rage hankali.

A gasar tseren keke ta Tour de France ta 1995, a gangara Fabiyo Kasarteli ɗan Italiya ya faɗi ya rasu.