Ƙannena, ku zana alwatikar kafin ku taɓa waya

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ina tare da yara goma sha ɗaya a zauren da muke lesin, duk 'yan aji biyar da aji shida na sakandare masu shirin WAEC da NECO. Na rubuta musu kusurwoyin wata alwatika a allo: A(0,0), B(6,0), C(2,4). Na ce a nemo mini mahaɗar tsayinta, wadda malamanku ke kira otosenta, wato inda layuka uku suke haɗuwa idan an sauko da kowanne daga kusurwa ya dira a tsaye cak, digiri 90, a kan gefen da ke fuskantarta. Ko minti biyu ba a yi ba hannuwa suka tashi. Mutum bakwai, amsa ɗaya: (8/3, 4/3). Na zagaya na duba littattafan, babu wanda ya ja layi ko ɗaya. Ashe ɗaya ne ya sunkuyar da kai ya latsa waya a ƙarƙashin benci, ya samo dabarar tara lambobi a raba uku, ya tura wa sauran ta WhatsApp. Abin da ya samo ma tsakiyar nauyin alwatika ce, wata aba daban. Wallahi raina ya ɓaci, har yau bai gama hucewa ba.

Da kuskure ne na wanda ya yi aiki da hannunsa, da na ji daɗi, don irin wannan ake gyarawa. Amma a ce mutum bakwai sun bi makaho sun faɗa rami, ba wanda ya ce tsaya mu gani? Kayan aro ba ya rufe katara, ƙannena.

Ku duba yadda abin yake da sauƙi ga wanda ya yarda ya ɗauki fensir. Gefen AB kwance yake a kan layin x, don haka tsayin da ya sauko daga C miƙe yake sambal, x = 2. Ido kaɗai ya ba ka rabin amsa. Sai ka nemi gangaren BC, wato bambancin y a raba da bambancin x: 4 a debe 0, a raba da 2 a debe 6, ya ba ka -1. Ƙa'ida ita ce layuka biyu da suka gitta juna a digiri 90, idan ka ninka gangarensu za ka sami -1, ke nan tsayin da ya fito daga A gangarensa 1 ne, kuma tunda ya bi ta (0,0), y = x. Inda x = 2 ya haɗu da y = x shi ne (2,2). In kana shakka, gwada na uku: gangaren AC 2 ne, ka juya shi ka canja alama ya zama -1/2, ka bi da shi ta B(6,0), za ka tarar a x = 2 ɗin y ma 2 ne. Lissafi da kansa yake ba ka shaida, ba sai ka tambayi kowa ba. Layi nawa ne wannan a takarda? Bai kai shida ba. Shi ne kuke gudu.

Na karɓe wayoyin na ajiye a aljihun tebur, na mayar da C ta koma (1,1). Zauren ya yi tsit. Yarinya ɗaya ce kawai ta zana, ta sami x = 1 da y = 5x, ta rubuta (1,5), sai ta ga ɗigon ya faɗa can sama, waje da alwatikar, ta ɗago kai tana tambaya ko ta yi kuskure. Ba ta yi ba, Allah ya yi mata albarka. Idan alwatika tana da kusurwar da ta haura digiri 90, mahaɗar a waje take. Idan kusurwa ɗaya 90 ce daidai, a kan kusurwar take zaune, ko alƙalami ba sai ka ɗora ba. Wannan tambayar da ta yi ta fi mini amsoshi bakwai ɗin can daraja. Wanda ya kwafa daga waya ba zai taɓa yin irinta ba, don bai ga komai ba balle ya yi mamaki.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai, wayar nan da kuke cewa ta karatu ce, ku kuka san inda datarku take ƙarewa. TikTok har ƙarfe biyun dare, cacar ƙwallo, musun Madrid da Barcelona a majalisa kamar gadon uban wani. Yaro ya haddace 'yan wasa goma sha ɗaya da na benci, amma juya 2 ta koma -1/2 ya gagare shi. Iyaye ma ba zan ƙyale su ba, waɗanda ke neman makarantar da ake biya a rubuta wa ɗa jarrabawa a kan allo, sannan su zo suna kuka ya kasa a jami'a. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, JAMB a gaban kwamfuta ake zama, wayarka tana waje.

Kwafar nan tana hana ku ganin abin da ke da daɗi a ilimin. A alwatikar farko, ɗigon da nisansa zuwa kusurwoyi uku ɗaya ne yana (3,1). Ku jera (2,2) da (8/3, 4/3) da (3,1) a takardar giraf, ku ɗora rula: duk a layi ɗaya suke, kuma na tsakiya ya raba tazarar biyu da ɗaya. Euler ɗan ƙasar Suwizalan ne ya tabbatar da haka a 1765, da alƙalami da takarda. Kada wani ya ce mini wannan na Turawa ne. Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine, ya rubuta littafi kan jera lambobi a hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, har yanzu masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Wace waya ya riƙe?

Mu da muka yi karatu da fitilar ƙwai, akwatin kayan lissafi ɗaya mutum huɗu ke karɓa-karɓa, littafin fo-figa, wato na jadawalin lambobin lissafi, ya yage a ɗinke shi da zare. Malami ba ya duba amsarka sai ya ga zane, in babu ya ja jan biro tun daga sama har ƙasa, kuma kunya ce babba a kama ka kana leƙen littafin wani. Yaro kan kwana da tambaya ɗaya, ya tashi da asuba ya sake gwadawa. Yanzu an kama mutum bakwai da amsa ɗaya, ba wanda ya sunkuyar da kai, wani ma dariya yake yi. Ina kunyar ta tafi? Hangen Dala ba shiga birni ba ne, ganin amsa a fuskar waya ma haka.

Ku gyara, don Allah, ku koma ga fensir da rula. Asabar mai zuwa wayoyi a bakin ƙofa za su tsaya, kuma wanda ya zo ba takardar giraf ya koma gida ya ɗauko.