Me Ke Cikin Layar Da Ke Wuyan Ɗanki?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya barci ya ƙaurace wa idona, kuma na san in ban amayar da maganar nan ba za ta yi ta cin raina.

Na je duba wata ƙanwata da jaririnta ba shi da lafiya. Tun daga bakin ƙofa hayaƙi ya tare ni, wani irin hayaƙi mai ɗaci da ke shaƙe maƙogwaro. An rufe taga, an saki labule, kasko na ci a gefen gado. Yaron na kwance jikinsa zafi rau, yana numfashi sama-sama, haƙarƙarinsa na lotsawa. Da na ɗaga shi sai na ga baƙin zare a wuyan hannunsa, ga laya biyu a wuya, igiyar har ta yi masa shata a fata saboda gumi. Na janye matashi don in gyara masa kwanciya, sai ga wuƙa a ƙarƙashi. Na ce, "Ke, mene ne a cikin layun nan?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Yaya ban sani ba. Wanda ya ba ni ya ce kada a buɗe, in aka buɗe sun karye."

Yarinyar nan ba ta wasa da salla. Tana azumin nafila, tana da saukar Alƙur'ani. Idan ka ce mata tana shirka kuka za ta fashe da shi, don ba ta taɓa ɗaukar kanta a cikin masu yi ba. Amma ga shi ta rataya wa ɗan da ta fi so a duniya abin da ita kanta ba ta san cikinsa ba, kuma tana jin tsoron buɗewa.

Bayan mun dawo daga asibiti na sa reza na farke ɗaya a gabanta. Ƙarƙashin fatar akwai zare da aka nannaɗe aka ƙuƙƙulle, ƙarƙashin zaren takarda ce da aka ninke ta ƙanana. Mun buɗe. Zane ne na gida-gida cike da lambobi, a gefe an jera wasu sunaye da ba na Allah ba ne, ba na annabawa ba ne, ba mu taɓa jin su ba. Daga sama an soma rubuta wata aya, aka yanke ta a tsakiya, aka liƙa mata wasu haruffa. A can cikin ninkin akwai ɗan gashi. Gashin wa? Ita ma ba ta sani ba. Hannunta har rawa yake da ta riƙe takardar.

To 'yar uwa, ke da kike karanta wannan, tsakaninki da Allah, me ke saman ƙofar ɗakinki? Me ke ƙarƙashin katifarki? Kwalbar nan da aka ce ki binne a bakin ƙofar gida da dare, kada kowa ya gan ki, kin san abin da aka zuba a ciki? Gishirin da kike barbaɗawa a kusurwa huɗu, allurar da kika soke a labule, ƙullin da aka ce ki jefa a randa, garin da aka ce ki riƙa sharar tsakar gida da shi kina kiran sunan maigida, waye ya koya miki, kuma shi wa ya koya masa?

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ai kambun baka gaskiya ne, sihiri gaskiya ne, mugaye sun yi yawa, mutum ba zai zauna haka ba tsari. Ban musa ko ɗaya ba. Za a kuma ce ai malamai sun yi saɓani a kan rataya ayoyin Alƙur'ani zalla. Haka ne, sun yi. Amma saɓanin nasu a kan abin da aka san ayar Allah ce tsantsa yake. Wane malami ne ya halatta abin da aka ɗinke aka ce in kin leƙa cikinsa ya lalace? Maganar Allah ba ta karyewa don an kalle ta. Duk abin da sharaɗinsa shi ne kada a gani, akwai abin da ake ɓoye miki.

Kullum na tuna labarin Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud sai in ji kamar a gidajenmu aka yi shi. Wata tsohuwa ce ke zuwa yi mata tofi. Rannan suna tare sai ta ji gyaran muryar mijinta a ƙofa, ta yi maza ta ɓoye tsohuwar a ƙarƙashin gado. Ya shigo ya zauna kusa da ita, sai ya ga zare a wuyanta. Ya tambaya, ta ce zare ne da aka yi mata tofi a ciki. Ya kama ya tsinke, ya ce iyalan Abdullahi sun wadatu daga shirka, ya gaya mata ya ji Manzon Allah (SAW) yana cewa irin waɗannan tofe-tofe da layu da asirin janyo soyayyar miji shirka ne. Ita kuwa ba ta yi shiru ba, ta faɗi abin da mu ma muke faɗa, wato ai na ga aikinsa. Ta ce idonta kan dame ta, in ta je wurin wani Bayahude ya yi mata tofi sai ya lafa. Ya ce mata Shaiɗan ne ke tsokanar idon, in an yi tofin sai ya janye hannunsa. Sannan ya koya mata addu'ar nan ta "Azhibil ba'asa Rabban nas, ishfi antash Shafi." Matar babban sahabi ke nan fa. In har abin ya iya shiga wannan gida, kada wata ta ce nata gidan ya fi ƙarfinsa.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ban taɓa ganin wadda ta shiga wannan harka ta samu natsuwa ba. Laya ɗaya ake farawa da ita. Bayan wata biyu yaro ya yi zazzaɓi, a koma, a ce ai wancan tsarin ya yi rauni, sai an ƙara. Maigida ya shigo rai a ɓace, a koma, a ce an yi miki binne-binne. Mage ta yi kuka a kan katanga, ƙadangare ya faɗo daga rufi, ki kwana ido biyu kina salati da bugun zuciya. Allah ya riga ya faɗa a Suratul Jinni aya ta 6, cewa wasu mutane sun kasance suna neman tsari da wasu aljanu, sai suka ƙara musu tsoro da wahala. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Daga tsoro kuma sai zargi. Mai duba ba ya taɓa cewa "ba kowa ba ne, jarrabawa ce, ki yi haƙuri," don in ya faɗi haka kasuwarsa ta mutu. Dole ya nuna miki wani. Wata doguwa ce a danginki. Wata ce da kuke cin abinci tare. Ki dawo gida kina auna kowa da wannan siffa, har ki tsaya a kan surukarki, ko maƙwabciyar da ta yi jinyarki, ko 'yar uwarki ciki ɗaya. Ki hana 'ya'yanki shiga ɗakinta. Ta kawo kyauta ki jefa a shara. Zumuncin shekara da shekaru ya tsinke a kan maganar mutumin da bai taɓa ganin fuskarta ba. Ga alhakin baiwar Allah a wuyanki, ga kuma gargaɗin da muka haddace tun muna yara, cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi ba za a karɓi sallarsa ta dare 40 ba.

Ga kuma lafiyar yaran. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 in jikinsa ya yi zafi, asibiti ake kai shi a take. Numfashi da sauri da lotsawar haƙarƙari alamar ciwon huhu ce, kuma hayaƙi a rufaffen ɗaki ƙara masa shi yake yi. Yaron da ya sanƙame yana jijjiga, sau da yawa zafin zazzaɓi ne ya hau kansa, sai mu ce iska ce ta taɓa shi, mu kwana muna turare muna ɗura masa jiƙe-jiƙe. Igiya a wuyan jariri tana iya shaƙe shi yana barci. Don Allah iyaye mata, ku ji tausayin bayin Allahn nan da ba su da bakin magana.

Kada masu boko su ɗauka da tsofaffi nake. Yanzu abin ya shigo waya. Yarinya mai digiri za ta ga bidiyo a TikTok an ce ta busa garin kirfa a bakin ƙofa ranar ɗaya ga wata don arziki ya shigo, ta tashi ta yi. A sayo shuɗin dutsen nan mai siffar ido da ya shahara a Turkiyya, a rataye a falo ko a gadon jariri, a ce ado ne, alhali a zuciya ana jin yana kore wani abu. Su kansu hukumar addinin Turkiyya sun fitar da fatawa a 2021 cewa bai halatta ba. A Ingila an tono wata kwalba a unguwar Greenwich a 2004, ta ƙarni na 17, a toshe, cike da fitsari da ƙusoshi da allurai da gashi da yankan farce, an binne ta don maganin mayu. Duba da kyau, ba irin abin da aka ce ki binne ba ne? Mutanen da ba su san Lā'ilāha illallāhu ba suna yi, ke ma kina yi, sai dai ke an yi miki bisimilla a kai an ce addini ne.

Alhali ba a bar mu haka ba. Annabi (SAW) ya ce Shaiɗan yana gudu daga gidan da ake karanta Suratul Baƙara. Ya ce in mutum ya ambaci Allah lokacin shiga gida da lokacin cin abinci, Shaiɗan kan ce wa mutanensa yau ba ku da makwanci ba ku da abincin dare. Ya ce in dare ya kawo jiki a tsare yara a gida, a rufe ƙofofi da sunan Allah, a rufe ƙorai. Jikokinsa Hasan da Husaini bai ɗaura musu komai ba, da bakinsa yake nema musu tsari: "U'izukuma bikalimatillahit tammah, min kulli shaiɗanin wa hammah, wa min kulli ainin lammah." Ko raƙuma bai yarda a bar musu tsirkiyar da ake rataya musu a wuya ba, aikawa ya yi a tsittsinke. Duk waɗannan a fili suke, ba na ɓoyo, ba sai tsakar dare ba, ba wanda zai ce ki kawo gashin wani. Nauyinsu kawai shi ne kullum ake yi, mu kuma mun fi son a ɗinke mana abu sau ɗaya mu rataye mu huta.

Ku kuma maza, kada ku karanta ku ce maganar mata ce. Gurun da ke ƙugunka fa? Abin da ka binne ranar da aka haƙa harsashin gidan fa? Kai ne mai kiwon gidan nan, yaushe rabon da ka dafa kan ɗanka ka yi masa addu'a? Wani sa'in ma rashin adalcinka da rashin zamanka a gida ne suka tura matarka ƙofar boka.

Don girman Allah, yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki tashi ki duba ɗakinki. Ki ciro su duka. Ki karanta Falaƙi da Nasi ki tofa, ki warware ƙullin, ki ƙone abin da ke ciki. Kada ki ji tsoron abin da aka ce zai same ki, wallahi ba abin da zai same ki sai abin da Allah ya rubuta. In zuciyarki ta kasa, ki kira wata 'yar uwa mai tsoron Allah ta tsaya kusa da ke. Don Allah kada ki ce sai gobe.

Ya Allah ka tsare mana gidajenmu da tsarinka, ka yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka raba 'ya'yanmu da hannun bokaye. Amin.