Na karatun na riƙe, na rubutun na haƙura

Masu turo min saƙo kan wace na'urar karatu za su saya, bari in amsa muku gaba ɗaya a nan, don yatsana ya gaji.

Da Kindle Paperwhite na fara, na hannu, mai inci 6, wani abokina ya taho min da shi daga Ingila. Abin da ya fara ɗaure min kai batirinsa ne. Na yi masa caji ranar da ya iso, sai da na kusa sati uku ina karatu kullum da dare kafin ya sake nema. Dalili kuwa, fuskarsa ba irin ta waya ba ce. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne farare da baƙaƙe, lantarki ya turo baƙaƙen sama su zama haruffa, su tsaya cak. Ba ya shan wuta sai in ka juya shafi ko ka kunna fitilarsa. A jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro dabarar, aka kafa kamfanin E Ink mai ƙera irin wannan fuskar a 1997, Amazon kuma ya fito da Kindle na farko a 2007. Wanda ya san kwana uku ba wuta a unguwa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ga shi a tsakar rana, inda waya sai ka kare ta da tafin hannu, shi rubutun ƙara fitowa yake yi raɗau.

Na ɗan taɓa wata na'urar karatun mai suna Kobo ma. Ka jona shi da kwamfuta ka zuba littattafan EPUB, wani nau'in fayil ɗin littafi, shi ke nan. Kindle sai a 2022 ya fara karɓarsu, ta hanyar tura masa su ta intanet.

Inda ƙaramar fuska ta gaza shi ne PDF, musamman littattafan Larabci da aka ɗauki hotonsu shafi-shafi, masu sharhi a gefe da ƙananan rubutu. Ka ja, ka matsa, ka jira shafin ya ƙifta, har karatun ya fita ranka. Wannan ne ya kai ni ga manyan, masu inci 10 da alƙalami, kuma daga nan kuɗi suka fara zurarewa.

Gaskiya suna da daɗi. Na ari reMarkable 2 na wani malami na sati guda, ƙirar Norway ta 2020, siriri kamar kwali. Alƙalamin ba a yi masa caji, kuma kana jin ɗan ƙaras-ƙaras kamar fensir a takarda. Ba shi da fitila, don haka bayan magariba sai da tocila. Kindle Scribe na 2022 yana da fitila. Boox kuwa Android ce a ciki, komai kake so ka sauke. Ni da kaina na sa WhatsApp a wadda na gwada, na wayi gari ina karanta rigimar guruf ɗin dangi a na'urar da na ɗauko don guje wa waya. Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Ranar da Hajiyarmu ta gan ni ina rubutu a wadda na saya, ta daɗe tana kallo, ta ce, "To kai wannan allon naka, in ya cika a ina ake wanke shi?" Na ce, "Hajiya, ba a wankewa, shafi ake buɗewa." Ta ce, "Nawa?" Da na faɗa, sai ta yi salati ta koma ɗaki.

Ita ce da gaskiya. Ba zan kama sunan wadda na saya ba, amma ga abin da na gani. An ce tana mayar da rubutun hannu ya zama na bugu. Da Turanci tana ƙoƙari. Da Hausa kuwa, ƙasa ta koma kasa, ɓera ya koma bera, wani lokacin ɗ ta fito wasu haruffa biyu da ban san daga ina suke ba. Gyaran ya fi sake bugawa wahala. Bakin alƙalamin yana cinyewa, ba kuma a samunsa a kasuwa, sai an yi oda. Ƙarshenta na zauna a kan jakata a adaidaita sahu, gilashin ciki ya tsage, rabin fuskar ya daskare da zane-zane. Na zaga wajen masu gyaran waya, kowa ya juya ta ya miƙo min.

Saboda haka, in kai ɗalibin digiri na biyu ne ko malami da PDF ya zame maka abinci, babbar za ta biya ka, amma ka haɗa da murfi mai tauri tun ranar farko. In labari da tarihi kake karantawa, nemi ƙarama ta hannu mai fitila. Rubutu kuwa, na koma littafi mai shafi 80 da biro. Kindle ɗin nan da na fara da shi yana aljihun rigata yanzu haka, gefensa ya ɗan goge, cajin da na yi masa tun farkon wata ne.