Kirarin "uwar rock" ya yi wa Sister Rosetta Tharpe kaɗan

Akwai wani tsohon bidiyo mai launin fari da baƙi da yake yawo a intanet, wanda na kalla ya fi sau a ƙirga. A watan Mayun 1964 aka ɗauke shi, a wata tashar jirgin ƙasa da aka daina amfani da ita a Manchester ta Ingila. Gidan talabijin na Granada ne ya shirya wasan, ya zaunar da matasan Turawa a dakali ɗaya, ya ajiye makaɗa a ɗaya dakalin, layin dogo ya raba su. Sama ta yi kuka ranar. Sai ga keken doki ya kawo wata mata baƙar fata 'yar shekara 49, cikin doguwar farar rigar sanyi da takalmi mai tsini. Ta sauko, ta rataya farar jita mai lantarki ƙirar Gibson, ta taka cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa, ta fara waƙar "Didn't It Rain", wadda ke ba da labarin ruwan ɗufana na zamanin Annabi Nuhu. Duk wanda ya san kiɗan rock, in ya rufe ido ya saurari yadda take jan tsirkiya, zai rantse ya taɓa jin wannan hannun. Ya kuwa ji shi, amma a wajen waɗanda suka zo bayanta.

Sunanta Sister Rosetta Tharpe. A yau in aka ambace ta, kirarin da ke biyo baya shi ne uwar kiɗan rock. Na daɗe ina jin kirarin nan yana min wani iri, kuma shi nake so mu tattauna.

An haife ta ranar 20 ga Maris, 1915, a wani ƙaramin gari mai suna Cotton Plant a jihar Arkansas, kudancin Amurka. Sunan garin kansa ya faɗi sana'ar mutanensa, wato auduga. Mahaifiyarta, Katie Bell Nubin, mai wa'azi ce kuma mai kaɗa mandolin, wani ɗan abin kiɗa mai tsirkiya. Cocinsu shi ne Church of God in Christ, kuma nan ne bakin zaren. Yawancin manyan coci-cocin baƙaƙen fata na lokacin suna ƙyamar ganga da jita a wurin ibada, suna ganin kayan mashaya ne. Wannan cocin kuwa ya buɗe ƙofa ga tafi da rawa da ƙaho da duk abin da zai yi ƙara, ya kuma bar mata su tsaya gaban jama'a su yi waƙa su koyar. Tun tana 'yar kimanin shekara 6 Rosetta take bin uwarta wuraren taron wa'azi da jita a hannu. A tsakiyar shekarun 1920 suka koma Chicago, kamar dubban baƙaƙen fata da suka gudu daga gonakin kudu da wariyar launin fata.

Mai son fahimtar kiɗanta ya tuna inda aka horar da shi. Yarinya ce da take kiɗa a cikin tanti ko a bakin titi, mutane ɗari suna tafi suna ihu, babu lasifika. In ba ka buga da ƙarfi ba, ba wanda zai ji ka. Shi ya sa ta koyi fizgar tsirkiya ɗaya-ɗaya da zafi, tana sa jita ta amsa mata kamar 'yar amshi: ta rera layi, jita ta mayar. Da lantarki ya shigo cikin sana'ar a shekarun 1940, ya iske hannu da ya riga ya ƙware, sai ya ƙara masa murya kawai.

A 1934, tana da shekara 19, ta auri wani mai wa'azi, Thomas Thorpe. Auren bai yi ƙarko ba, amma ta riƙe sunan, ta ɗan sauya harafi ɗaya. A 1938 ta isa New York, kuma cikin 'yan watanni abubuwa uku suka faru. Kamfanin faifai na Decca ya naɗi waƙoƙinta huɗu na farko. Ta hau dandalin Cotton Club, gidan rawar da baƙaƙe ke yi wa fararen fata wasa, tare da Cab Calloway. A Disamba kuma ta fito a Carnegie Hall, a wasan da John Hammond ya shirya. Ɗaya daga waƙoƙin nan huɗu ita ce "Rock Me", wadda asalinta waƙar ibada ce ta Thomas A. Dorsey. Rosetta ta rera ta da wata irin murya da mai sauraro zai rasa ko da Ubangiji take magana ko da masoyi.

A nan rigimarta da 'yan coci ta fara, kuma a ganina ya kamata a yi musu adalci. Marubuta da yawa na yanzu suna nuna su kamar wasu tsofaffi masu taurin kai da suka kasa gane baiwa. Ni ban ga haka ba. Waƙoƙin nan su ne abin da kakanninsu suka riƙe a zamanin bauta, lokacin da ba su mallaki ko jikinsu ba. Sai ga 'yarsu ta ɗauke su ta kai gidan da ake shan giya, gidan da in su suka zo ƙofa a matsayin 'yan kallo za a kore su. Da ta shiga ƙungiyar kiɗan Lucky Millinder a 1941 kuma, har waƙoƙin duniya zalla ta rera, irin su "Tall Skinny Papa", wadda ba ta da alaƙa da sama ko kaɗan. Mahalia Jackson, babbar mawaƙiyar bishara ta zamanin, ta ƙi taka gidan rawa har ta mutu, kuma mutanenta sun girmama ta saboda haka. Wanda ya ji ciwon abin da Rosetta ta yi yana da hujjarsa. Abin da kawai ba zai iya musantawa ba shi ne, ta wannan ƙofar da ta buɗe ne sautin coci ya fita titi, kuma bai sake komawa ciki shi kaɗai ba.

A 1944 ta naɗi "Strange Things Happening Every Day" tare da mai kaɗa piyano Sammy Price. A 1945 waƙar ta kai mataki na 2 a jadawalin mujallar Billboard na faya-fayan baƙaƙen fata. Ka lura da shekarar. Saura shekara 10 kafin Chuck Berry, ɗaya daga manyan taurarin rock na farko, ya fitar da faifansa na farko, Elvis Presley kuwa, wanda daga baya aka yi wa kirarin sarkin rock, yana ɗan shekara 10 a garin Tupelo. Amma duk abin da za a kira rock daga baya yana cikin faifan nan: bugun da ke sa ƙafa motsi, piyano mai gudu, da jita da ke fitowa tsakiyar waƙa ta yi nata zancen.

Ba na cikin masu cewa ita kaɗai ta ƙirƙiro rock. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai Louis Jordan, akwai T-Bone Walker, akwai makaɗan ƙauyen fararen fata na kudu, akwai waɗanda ko sunansu bai shiga faifai ba. Mai neman waƙa guda ya ce daga nan aka fara, yana neman mafarin kogi ne a cikin damina. Sai dai in ana lissafin manyan rassan da suka haɗu, nata reshen yana cikin mafi girma, kuma shaidun ba su da wuyar samu. A 1947, a garin Macon na jihar Georgia, ta ji wani yaro yana rera waƙoƙinta kafin wasa, ta kira shi dandali, bayan an tashi ta biya shi kuɗi. Yaron shi ne Little Richard, wanda ya zama ɗaya daga manyan taurarin rock na farko. Shahararren mawaƙi Johnny Cash, ranar da aka shigar da shi zauren karrama gwanayen rock a 1992, ya ambace ta cikin mawaƙan da suka fi shiga ransa tun yana ƙarami.

To ga inda nake da ja da kirarin. Dubi yadda ni kaina na kare ta yanzu: na kira sunan Little Richard, na kira Johnny Cash, na auna ta da Elvis da Chuck Berry. Haka kusan kowa yake yi. Ana yabonta ne da abin da maza suka zama bayan sun saurare ta, kamar matar da ba a san sunanta ba sai a ce uwar wane. Uwa tana da girma, ba wanda ya isa ya raina matsayin. Amma a tarihin kiɗa, in an ce uwa, ana nufin wadda ta shirya fage ta koma gefe, 'ya'ya suka yi aikin gaske. Rosetta ba ta koma gefe ba, kuma ba ta shirya wa kowa fage ba. Sana'arta take yi, tana gasa da mazan zamaninta, tana cika filayen da da yawansu ba su iya cikawa ba.

Ranar 3 ga Yuli, 1951, aka ɗaura aurenta na uku da Russell Morrison a filin wasa na Griffith Stadium da ke Washington. Sama da mutum 20,000 suka sayi tikiti. Bayan ɗaurin aure amarya ta ɗauki jita cikin rigar amarci ta yi wasa, Decca kuma ta naɗi taron ta sayar. Ko me mutum zai ce game da mayar da aure kasuwa, kuma akwai abin cewa, wannan mace ce da ta cika filin ƙwallo shekara 14 kafin ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles su yi wasansu na filin Shea Stadium a New York, wanda ake yawan cewa shi ya buɗe zamanin kiɗa a filayen wasa. Kafin nan, a lokacin yaƙin duniya na biyu, tana cikin 'yan ƙalilan mawaƙan bishara da aka naɗi faifansu domin sojojin Amurka da ke fagen daga. Daga 1946 ta yi shekaru tana zagaya ƙasa da Marie Knight, mata biyu, ɗaya da jita ɗaya da piyano, a kudancin da otal da gidan abinci ba sa karɓar baƙar fata, har ta kai a cikin motarsu ake kwana.

Me ya sa aka manta da ita? Amsar da aka saba bayarwa ita ce mace ce kuma baƙa, kuma gaskiya ne. Da kasuwa ta gano akwai kuɗi a aljihun matasan fararen fata a tsakiyar shekarun 1950, fuskar da take nema ta saurayi ce mai gashi a kwance. Big Mama Thornton ta riga Elvis rera "Hound Dog" da shekaru, kowa ya san wanda ya ci riba. Amma akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba, wanda ni na fi ba shi nauyi. Rosetta ta ƙi barin Allah a cikin waƙarta. Kiɗan rock ya gina wa kansa labarin cewa shi ɗan tawaye ne, ya fito daga mashaya da bayan gari, iyaye da malaman addini suna tsine masa. Mace mai shekara 40 da ake kira Sister, tana waƙar Yesu da Annabi Nuhu, ba ta da wurin zama a wannan labarin. In aka shigar da ita, dole a yarda cewa ihun da girgizar jikin da ake taƙama da su a coci aka koye su. Masu rubuta tarihin rock suka ajiye ta a shafin bishara, masu rubuta tarihin bishara kuma suna kallonta a matsayin wadda ta taɓa fita ta dawo. Ta zama jemage, tsuntsaye ba su karɓe ta ba, dabbobi ba su karɓe ta ba.

Turai ce ta riƙe ta a ƙarshen rayuwarta. A 1957 mai busa ƙaho Chris Barber ya gayyace ta Birtaniya, daga nan ta riƙa komawa. Wasan Manchester da na fara da shi yana cikin wannan zangon, a tafiya ɗaya da Muddy Waters. Lokacin ne samarin Ingila suke haƙar kiɗan baƙaƙen Amurka kamar masu haƙar zinariya, su sarrafa shi su mayar wa Amurkawa a matsayin sabon abu.

A 1970 ta gamu da shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga kuma ya sa aka yanke mata ƙafa ɗaya. Duk da haka ba ta ajiye jita ba. Ta rasu ranar 9 ga Oktoba, 1973, a Philadelphia, tana da shekara 58, aka binne ta a maƙabartar Northwood ba tare da ko dutsen suna ba. Kabarin ya zauna haka sama da shekara 30, sai da aka yi wasan tara kuɗi a 2008 kafin a samu na dutse. Hukumar gidan waya ta Amurka ma ta riga, domin tun 1998 ta sa hotonta a jikin kan sarki. Wato fuskarta tana yawo a kan wasiƙu alhali kabarinta ba shi da alama.

Zauren karrama gwanayen rock, Rock and Roll Hall of Fame, ya fara shigar da mutane a 1986. Makaɗa 10 na sahun farko duk maza ne, ciki har da Elvis da Chuck Berry da Little Richard. Mace ta farko, Aretha Franklin, sai a 1987. Rosetta kuwa sai a 2018, shekara 45 bayan rasuwarta, inda mawaƙiya Brittany Howard ta gabatar da ita ta kuma rera waƙarta. Ko a nan ma, rukunin da aka sa ta shi ne na waɗanda suka yi tasiri tun farko, wato masu share fage. Yaron da ta biya kuɗin wasa a Macon yana cikin babban ɗaki tun 1986, ita kuma an ba ta kujera a zaure.